Kafin a ƙona sauran rajistocin asibiti

Sati biyu da suka wuce na raka gwaggona asibiti a duba mata hawan jini da ƙafarta da ke yawan kumbura, muna fitowa sai ta ce mu bi ta baya don ba ta son cunkoson bakin get, ita da ta yi aikin nas a wannan asibitin shekara da shekaru kafin ta yi ritaya babu lungun da ba ta sani ba. A bayan tsohon ɗakin haihuwa muka tarar da tulin kaya an watso waje, wai ana gyaran ginin an ce a kwashe sito. Gadajen ƙarfe da suka yi tsatsa, da fararen darurruka da duk sun ɓaɓɓare, da sikelin auna jarirai, da wata tukunyar ƙarfe mai murfi, sannan ga rajistoci manya-manya masu baƙin bango an jibge su a ƙasa, ruwan sama ya riga ya jiƙa na saman.

Gwaggo ta tsaya cak. Ta nuna tukunyar da sandarta ta ce, "A cikin wannan muke dafa allura da sirinji, ɗan nan. Sirinjin gilashi ne a lokacin, idan ya fashe a hannunka sai ka rubuta bayani." Sannan ta ce in miƙo mata ɗaya daga cikin rajistocin. Ta buɗe, takardar ta yi ja don tsufa, an ja layi-layi da hannu: kwanan wata, shekarun mai haihuwa, haihuwa ta nawa, nauyin jariri, yadda aka ƙare. Ta yi ta buɗawa har ta kai wani shafi ta ɗora yatsa ta ce wannan rubutuna ne.

Akwai wani dattijo ma'aikaci a wurin yana ta ɗebo kaya a baro, na ce masa Baba ina za a kai waɗannan? Ya ce, "Ƙarfen 'yan gwangwan za su zo su auna, takardun kuma wuta za a sa musu, ɗana. Haka aka ce mana."

Abin bai bar ni na yi barci ba, sai na rubuta a Facebook cewa ya kamata kowane babban birni ya samu gidan tarihi na asibitocinsa da kiwon lafiyarsa. Amsar da ta fi samun goyon baya a ƙarƙashin rubutun ita ce ta wani da ya ce, asibitin da babu farasitamol shi za a yi wa gidan tarihi? Wani kuma ya ce wannan tunanin ƙoshi ne. To shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Matsayina shi ne: birnin da ke da asibitoci yana buƙatar wurin da zai adana tarihinsu, kuma wannan wani ɓangare ne na kiwon lafiyar kanta. Amma da sharaɗi, sai in wurin zai faɗi gaskiya, har da wadda ba ta da daɗin ji. In dai za a gina shi ne don a jera hotunan manya a bango, to ni ma ina cikin masu cewa a bari.

Maganar kuɗi

Da ita zan fara domin ita ce mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Duk wanda ya taɓa kwana a benci yana jiran a samu gado, ko aka miƙo masa takarda aka ce ya fita waje ya sayo safar hannu da dirif, yana da haƙƙin ya ji haushi idan ya ji ana zancen gidan tarihi. Ni ma na yi jinya, na san wannan zafin.

Amma mu duba abin da ake nema ɗin tukuna. Mutane da sun ji gidan tarihi sai su hango katafaren gini da kwangila da bikin yanke kyalle. Abin da waɗancan rajistocin suke buƙata ɗaki ɗaya ne wanda rufinsa ba ya yoyo, da kanta ta ƙarfe da gara ba za ta ci ba, da makulli, da mutum ɗaya da aikinsa ke nan ya san me ke ciki. Irin sikelin jariran nan ba sayo shi za a yi ba, yana nan a sito. Irin tukunyar dafa alluran nan ma haka. Abin da 'yan gwangwan za su biya a kansu ba zai sayi maganin da zai ishi ɗaki ɗaya na kwana ɗaya ba, amma in suka tafi sun tafi ke nan, babu kasuwar da za ka je ka sake samo wanda aka yi aiki da shi a wannan ɗakin.

Da yawa daga cikin irin waɗannan gidajen tarihin a duniya ma ba gina su aka yi ba, tsohon wuri ne aka ƙi rushewa. A Landan akwai wani ɗakin tiyata na asibitin St Thomas da aka yi a 1822 a can saman rufin wata coci, asibitin ya tashi daga wurin a 1862 aka toshe ɗakin aka manta da shi kusan shekara ɗari, sai a 1956 aka sake gano shi, yau gidan tarihi ne. A Cape Town ta Afirka ta Kudu ɗakunan tiyatar asibitin Groote Schuur inda Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a ranar 3 ga Disamba 1967, su ɗin ne aka mayar wurin ziyara. A Damaskus asibitin da Sarki Nuruddin ya gina a 1154 shi ne aka mayar gidan tarihin likitanci. A Edirne ta Turkiyya asibitin Sarki Bayazid na biyu da aka kammala a 1488, inda ake kwantar wa masu taɓin hankali da rai da kiɗa da ƙarar ruwa da ƙamshi, jami'ar garin ce ta karɓe shi ta gyara.

Inda masu maganar kuɗi suke da gaskiya shi ne wajen riƙewa. Buɗewa ba wuya, ci gaba da biyan mai kula da wurin da gyaran rufi shekara bayan shekara shi ne aiki. Ko Faris, babban birnin Faransa, da arzikinta, gidan tarihin asibitocin gwamnatin birnin da aka buɗe tun 1934 an rufe shi a 2012 aka sayar da ginin, kayan suka koma sito. Wannan ya ishe mu darasi, kada a fara da abin da ba za a iya ɗauka ba, kuma kada kuɗinsa ya fito daga kason magani. Jami'a mai koyar da likitanci, da makarantar nas-nas, da ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikata, da hukumar kula da kayan tarihi, waɗannan su ya kamata su ɗauki nauyin, asibitin ya bayar da ɗaki da kaya.

Me tsohuwar takarda za ta yi wa mara lafiyan yau?

Nan ne zuciyar maganar a wurina, don haka zan ɗan daɗe a kai.

A asibitin birnin Biyena na ƙasar Ostiriya a shekarun 1840 akwai ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, ɗaya kuma ungozomomi. Matan garin sun riga sun sani tun kafin likitocin su yarda, suna roƙo da kuka kada a kai su ɗakin likitoci. Wani matashin likita Ignaz Semmelweis shi ya zauna da rajistocin ɗakunan biyu ya lissafa, ya ga a ɗakin likitoci kusan mace 10 cikin 100 ke mutuwa da zazzaɓin jego, a na ungozomomi kuma wajen 4. Ya bi diddigi har ya gane cewa ɗaliban daga ɗakin yanka gawa suke fitowa su wuce kai tsaye su duba mai naƙuda. A 1847 ya tilasta kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar da ta kai 18 cikin 100 a watan Afrilu ta faɗo zuwa kusan 2 cikin 100 a 'yan watanni. Manyan likitocin zamaninsa da yawa suka ƙi yarda da shi, ya mutu a 1865 a gidan masu taɓin hankali.

Da me ya kafa hujjarsa? Da irin rajistar da na gani an jibge a ƙasa. Wata nas ko wani akawu da ba wanda ya san sunansa ya zauna kullum ya cike layi, shekara da shekaru, sai wani ya zo daga baya ya karanta ya ga abin da ido ba ya gani a rana ɗaya. Haka wata nas 'yar Ingila Florence Nightingale ta yi bayan yaƙin Kirimiya, ta tattara alƙaluman asibitocin soja ta nuna wa gwamnatin Ingila cewa sojojin da cuta da ƙazanta suka kashe sun ninka waɗanda suka mutu da raunin yaƙi.

Rajistar ɗakin haihuwa ta shekara talatin ko arba'in za ta iya gaya wa birni a wane wata ne jarirai suka fi mutuwa, daga wace unguwa mata suka fi zuwa a makare, yaushe abin ya yi sauƙi kuma me aka canza a lokacin, yaushe ya sake lalacewa. Duk wanda ya ƙona ta ya ƙona amsar tambayoyin da ba a riga an yi ba. Sai a wayi gari sabon shugaba ya zo da sabon tsari yana murna, alhali an taɓa gwada shi a wannan asibitin ya faɗi, kuma dalilin faɗuwarsa yana rubuce a fayil ɗin da aka cinna wa wuta.

Akwai kuma ma'aikacin kansa. Ɗalibar nas da aka ce mata wanke hannu ta wanke don malama tana kallo daban take da wadda aka kai ta gaban rajistar asibitin da take aiki a ciki, aka nuna mata shafukan kafin a fara tsafta da na bayan an fara. Ta farko za ta iya mantawa ranar da aiki ya yi yawa. Ta biyun da wuya.

Wa zai so ya je kallon ciwo?

Wata 'yar uwa ta rubuto min cewa ita asibiti wurin da mahaifinta ya rasu ne, ko ƙofar ba ta son gani balle ta biya kuɗi ta shiga kallon almakashi. Na fahimce ta, kuma ba wanda za a ja da ƙarfi. Amma ina ganin waɗanda suka fi buƙatar wurin su ne waɗanda ba su ga komai ba tukuna.

Ɗauki agana. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a a Somaliya ne a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita daga doron ƙasa. Yau duk wanda bai kai shekara arba'in ba bai taɓa ganin mai agana ba, bai san tana makantar da mutum ba, bai san yadda take cinye gida guda ba. Shan inna ma haka take neman zama, a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar mai yawo. Nasarar rigakafi ita ce ke sa a manta dalilin rigakafi, idan cuta ta ɓace sai allurar ta zama ita ce abin tsoro, jita-jita ta samu wurin zama. Za ka iya yi wa mutum bayani awa guda a rediyo bai motsa ba, amma ka tsayar da shi gaban takalmin ƙarfe na yaro ɗan shekara biyar da shan inna ta shanye wa ƙafa, ka ce masa a garin nan aka sa shi, a ɗakin can, ba sai ka ƙara komai ba.

Kuma ba baƙin ciki kaɗai ke ciki ba. A 1952 shan inna ta ɓarke a Kofanhegan, babban birnin Denmak, asibitin Blegdam yana da injin taimakon numfashi irin akwatin ƙarfen da ake saka jikin mara lafiya a ciki guda ɗaya tak da wasu ƙanana shida, cikin marasa lafiya 31 na farko da numfashinsu ya tsaya 27 suka rasu. Wani likitan sa barci Bjørn Ibsen ya ce a huda maƙogwaro a sa bututu a riƙa tura iska da jakar roba da hannu. Babu injin da zai yi, sai aka kira ɗalibai, wajen 1,500, suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jaka a gefen gadon yara na tsawon makonni da watanni. Daga nan aka samo abin da yau ake kira sashen kulawa ta musamman. Kowane birni da ya taɓa ganin annoba yana da irin wannan labarin daidai girmansa, wata sista da ta ƙi tafiya gida, wani direban motar asibiti da ya yi sati bai kwanta ba, kuma yawancinsu suna mutuwa da labarin a cikinsu domin ba wanda ya tambaya.

Shi kuwa ɗakin tiyatar Landan da na ambata, na ga hotunansa: tebur ne na katako a tsakiya, da akwatin garin katako a ƙarƙashi don tsotse jini, da matakala zagaye inda ɗalibai ke tsayawa suna leƙe. Shekara ashirin da wani abu ana yanke ƙafa a ɗakin nan mutum yana farke ana danne shi, domin sai a 1846 aka fara nuna amfani da maganin sa barci a bainar jama'a a Boston. Wanda ya ga wannan ba zai sake kallon allurar barci a matsayin ƙaramin abu ba.

Masu cewa ai komai yana intanet, amsarsu gajeriya ce. Abin da wani ya adana ya ɗauka ya ɗora shi ne ke intanet. Rajistar gwaggona ba ta can.

Sirrin marasa lafiya fa?

Wannan ƙorafin wani likita ne ya kawo shi kuma ya yi daidai. A cikin waɗancan littattafan akwai sunayen mata, da abin da ya same su, wasu abubuwan ko 'ya'yansu ba su sani ba. Shi ya sa ban ɗauki ko ɗaya na tafi da ita gida ba duk da raina ya so, ba tawa ba ce.

Amma ku duba inda na same su, a fili, a bayan gini, duk mai wucewa zai iya buɗewa ya karanta, yaro zai iya yagar shafi ya tafi da shi. Rashin wurin ajiya shi ya tona asirin. Wuraren da suka san aikin suna da ƙa'ida, a Ingila yawanci ana kulle bayanan marasa lafiya har shekara 100 kafin kowa ya gani, mai bincike kuma sai da izini kuma ba ya fitar da suna. Abin da za a nuna wa jama'a a gilashi ana rufe sunan, ko a nemi yardar iyali.

Inda nake da tsauri shi ne gawa da sassan jiki. Tsofaffin gidajen tarihin likitanci da yawa cike suke da kwalabe da ƙasusuwan mutanen da ba a taɓa neman izininsu ba, galibi talakawa da fursunoni da waɗanda ba su da mai tsaya musu. Charles Byrne wani dogon mutum ne ɗan Ailan da ya mutu a Landan a 1783, ya bar wasiyya a jefa gawarsa a teku don kada likitoci su taɓa ta, amma likita John Hunter ya san yadda ya yi ya mallake ta, ƙasusuwansa suka yi sama da shekara 200 a gilashi ana kallo, sai da aka sake buɗe gidan tarihin a 2023 aka daina nuna su. Ni a ganina sabon gidan tarihi ba shi da wani dalilin fara irin wannan. Ɗalibin likita yana da ɗakin karatunsa. Mamaci yana da mutuncinsa ko ba a san sunansa ba.

Tsorona na gaskiya

Ba kuɗi ne ke ba ni tsoro ba, abin da nake tsoro shi ne a yi wurin ya zama ɗakin yabo. Ka shiga ka ga hoton wanda ya aza harsashi, da wanda ya buɗe, da jerin shugabannin asibiti ɗaya bayan ɗaya kowa da kwat ɗinsa, ka fito ba ka ga mara lafiya ko ɗaya ba.

Asibiti ba likitoci kaɗai ba ne. Ina nas-nas da ungozomomi, ina masu shara da suke kwashe abin da kowa ke kawar da kai daga gare shi, ina masu wanki da masu dafa abinci da masu tura gado da mai gadin mutuware, ina mai ba da kati da ya san fuskar rabin garin? Ina masu jinya, matan da ke kwana a ƙasa a gefen gado? Dattijon nan mai baro da na gani ya ce min ya fi shekara talatin a wurin, na tabbata ya san abubuwan da babu su a kowane fayil.

Sannan tarihin lafiyar birni bai fara ranar da aka buɗe asibitin farko ba. Kafin nan akwai masu ɗori da ungozomomin gida da masu haɗa magani da wanzamai, kuma wannan ko'ina ne, a Landan ma wanzamai da likitocin tiyata ƙungiya ɗaya suke daga 1540 har 1745. A nuna abin da suka iya, a kuma nuna inda suka cutar, kamar yadda za a yi wa asibitin zamani. Ban yarda da wanda zai share su ba, ban kuma yarda da wanda zai ce duk abin da suka yi daidai ne ba.

Sai abu mafi nauyi, kura-kurai da zalunci. Akwai asibitocin da aka raba ɗakuna bisa launin fata ko bisa aljihu. Akwai masu taɓin hankali da aka ɗaure da sarƙa, da kutare da aka ware aka manta da su. A Tuskegee ta Amurka daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ba tare da ta yi musu magani ba, har bayan an samu fenisilin, don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum, sai a 1997 shugaban ƙasa Bill Clinton ya nemi gafara. Har yau ana danganta ɗari-ɗarin da wasu baƙaƙen fatar Amurka ke yi da asibiti da wannan abin. Mutane ba sa mantawa, ko hukuma ta yi shiru labarin yana nan yana yawo a gidaje, yana ƙaruwa, yana haɗuwa da ƙarya. Wani zai ce fito da irin wannan zai sa jama'a su ƙara gudun asibiti. Ni na ga akasin haka a rayuwa, mutumin da ya ce maka na yi kuskure a wuri kaza kuma ga abin da na gyara, shi kake komawa wurinsa. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba shi kake tsoro.

Saboda haka ne nake ganin bai kamata shugabannin asibiti su kaɗai su riƙe wurin ba, dole a samu masana tarihi da tsofaffin ma'aikata da wakilan jama'ar gari a cikin masu yanke shawarar abin da za a nuna. In ba haka ba duk shugaban da ya zo zai cire abin da bai yi masa daɗi ba.

Abin da ba zai jira ba

Gini zai iya jira, kwamiti zai iya jira. Mutane ne ba za su jira ba. Waɗanda suka yi aiki lokacin da ake dafa sirinji, waɗanda suka ga agana da idonsu, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma waya da kowa ke riƙe da ita ta isa a naɗi muryarsu. Haka kayan da ke sito, kafin a ce a kwashe, wani ya shiga da littafi ya rubuta mene ne wannan, daga wane ɗaki, wa ya yi aiki da shi, domin almakashi da babu labari a tare da shi ƙarfe ne kawai.

A ranar dai ban iya yin wani abin kirki ba. Gwaggo ce ta ce in kai ta ofishin babbar nas, ta shiga da sandarta, matar ta miƙe tsaye ta gaishe ta da Mama, ashe ɗalibarta ce. Suka yi magana, aka aika dattijon ya kwaso rajistocin da ba su jiƙe ba aka kulle a kabad ɗin ofishin. Sikelin da tukunyar kuwa kafin mu fito an riga an loda su.

Ranar Asabar na je gidanta na ajiye waya a kan tebur na ce Gwaggo ki ba ni labarin aikin. Da farko ta ce me za ta faɗa, ita ai nas ce kawai. Sai na tambaye ta jan layin da na gani an ja a ƙarƙashin wasu sunaye a rajistar. Ta yi shiru, sannan ta ce wannan ba dokar asibiti ba ce, su ne suka ƙirƙiro a tsakaninsu, duk matar da ta rasu wajen haihuwa sai a ja mata layi da jan biro, ƙarshen wata sista ta tara su a ƙirga, a ɗauki kowace ɗaya a tambayi me ya faru, wa ke bakin aiki, ƙarfe nawa ta iso, ina jini ya tsaya. Ta ce akwai shekarar da suka yi wata uku a jere babu jan layi ko ɗaya, ta tuna watannin, ta tuna sunan sistar, ta tuna abin da suka canza a ɗakin kafin hakan ta faru. Mun yi awa biyu da rabi tana magana har cajin wayar ya ƙare, ta ce in dawo wani satin akwai na lokacin kwalara.